Dabino Uku

Shekara sha shida ɗiyata tana yawo da tawul a wuya. Da cerebral palsy aka haife ta, lalurar da ke hana sarrafa gaɓoɓi, yawu ba ya tsaya mata a baki. Kaifin kai kam sai dai a ce masha Allahu, amma a bas mutane haɓarta suke fara kallo. Da ta samu college a Woolwich, nan ƙasar Turawa inda muke zaune, abu ɗaya ta roƙe ni: kada ta shiga aji da tawul.

Mun daɗe a layi kafin a ba mu ranar tiyata. Za a juya hanyoyin yawun su koma can baya, ya riƙa gangarawa maƙogwaro. Sharaɗin ɗaya ne, kada ta ci komai kafin allurar barci. Na faɗa wa Inna, mahaifiyata, wadda ta zo daga Kano don wannan aikin. Har sau uku na faɗa, ta ce ita ba kurma ba ce.

Da safen, don zumuɗi, na tattara tawul ɗin nan kaf na zuba a bin ɗin shara.

A asibiti likitar barci ta tambaya ko ɗiyata ta ci wani abu. Na ce ko kusa. Sai yarinyar ta buɗe tafin hannunta a hankali: ƙwallayen dabino guda uku.

Innalillahi!

"Inna, me kika ba ta?"

"Ajwa ce ta Madina, na yi mata tofi a ciki. Ke kuma, addu'a ce abinci?"

Likitar ta yi bayani cikin natsuwa, cewa abin da ke ciki kan iya tasowa ya faɗa huhu, ga mai wahalar haɗiya kuma abin ya fi haɗari. An yi cancel ɗin tiyatar. Sabuwar rana sai bayan an buɗe college.

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar, a gaban Turawa. Har yau ina jin kunyar abin, kuma har yau haushin bai gama fita ba.

Muka hau jirgin ƙasa na Elizabeth line muka nufi gida. Yawu ya sauko ya jiƙa gaban rigar yarinyar. Ta ce, "Mummy, towel." Na laluba jaka, sai na tuna bin.

Inna ta kama bakin mayafinta, ta goge mata haɓa. Har muka sauka tana gogewa.