Ranar Tonon Muruci

Da sassafe Asabe, matata, ta ɗora babbar tukunya a bakin gona. Ranar tonon muruci ce. Ƙwallon giginya muke binnewa da farkon damina, ya yi tsiro ya nutse ƙasa, bayan girbi a tono a dafa. Da shi kakanninmu suka ƙetare shekarun yunwa. Mu ma da shi muke rufa asiri.

Ni da yayana Garba muna cikin rami. Muruci ba a fizge shi, sai ya karye. A durƙushe ake binsa da hannu, kai a ƙasa. Rabi, 'yarmu mai shekara huɗu, tana barci a inuwa kusa da ni.

Da hantsi muka ji babura. Ba wanda ya tsorata. Duk shekara haka masu sarin muruci ke zuwa, a kan babura, da buhuna. Asabe ta goge hannu a zani ta fita bakin hanya, tana ɗaga musu hannu kada su wuce mu su tafi gonar wasu. Har dariya Garba ya yi mata.

Sai na ɗaga kai. Mutum uku-uku a kan babur. Babu buhu ko ɗaya.

"Ku kwanta!" in ji ɗaya daga cikinsu.

Harbin farko ba shi da ƙara sosai. Kamar an karya busasshen kara. Asabe ta zauna a kan hanya. Ba ta faɗi ba, zama ta yi. Garba ya fita daga ramin da fartanya a hannu. Aka yi na biyu.

Na jawo Rabi cikin ramin, na toshe mata baki. Ta cije ni har jini. Daga gari muna jin kukan awaki da ƙarar kwanon rufi yana fashewa a wuta. Ba a kira sallar azahar ba.

Da la'asar babura suka yi gabas. Na goya yarinya, na cika aljihu da ɗanyen muruci, na bi rafi. Ban je bakin hanya ba. Akwai biyu da suka tsaya gadi a can. Wuta ba ta huruwa, hayaƙi zai nuna mu. Ni nake taunawa in sa mata a baki, har muka ƙetare iyaka.

Yanzu kaya nake ɗauka a wani sito a Wendover, can ƙasar Turawa. Wani abokin aikina, mutumin wani tsibiri mai nisa, ya kawo tuwonsu. Sago sunansa, ya ce, daga cikin gangar bishiya 'yar uwar giginya suke fitar da garin. Ya miƙo mini. Na kai loma ɗaya, na tashi na fita wajen motoci.

Maƙwabta ne suka yi jana'izar. A waya aka gaya mini. Sun ce gidanmu mutum biyu, Garba da Asabe. Ban gyara musu ba. Cikinta wata uku ne, ni kaɗai ta gaya wa.