Tambarin da Yusha'u Ya Daina Taɓawa

Yusha'u Abubakar ya rasu wata Talata a tsakiyar damina, a asibiti a Gusau, bayan jinyar kwana tara. Ni ne Hamidu, abokinsa tun muna firamare a 'Yandoto. Benci ɗaya muka zauna, shekara ɗaya muka yi aure, kuma har ya bar duniya bai daina kira na Sarkin Ci ba.

Sana'arsa ƙarama ce a ido. Yana zama a bakin rumfunan hatsi na kasuwar Tsafe da gwangwanin fenti uku da burushi, yana yi wa buhuna alama. Manomi zai kawo waken suya ko riɗi, a auna, a ɗinke, sai Yusha'u ya zana masa tasa: wannan tauraro, wancan ƙahon bijimi, wani ɗigo huɗu a jere. Da yawa cikin manomanmu ba su yi boko ba, amma ko buhu ɗari aka jibge a bayan tirela kowa zai nuna nasa. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ban taɓa jin ya ba mutum biyu alama ɗaya ba.

Shekara shida da suka wuce manoman wake daga Tsafe da Bungudu da Mada suka kafa ƙungiya, don sun gaji da sayar wa dillalai a farashin da dillalan suka ga dama. Ni aka ba sikeli. Yusha'u ya zana mana tambari: kwanson wake a buɗe, da ƙwaya uku a ciki. Sakatariyarmu Malama Mansura, wadda take da shagon kwamfuta a Sabon Garin Gusau, ita ta buɗe mana shafin intanet da adireshin imel. Ta nan muka sami wani kamfanin matsar mai a Kano da yake kwashe wakenmu gaba ɗaya. Tun daga lokacin gidaje fiye da ɗari biyu suka fara ganin amfanin gonarsu.

Yusha'u yana da hali ɗaya: ba ya iya barin zane ya huta. Damina ta sauka, ya ƙara wa kwanson ganye. Sallah ta zo, ya ɗora masa jinjirin wata. Kaka ta yi, ya mayar da shi ruwan ɗorawa. Duk lokacin da ya sabunta, sai ya hau mota ya kai wa Mansura takardar ta sa a shafi. Mu kuwa daɗi muke ji, muna cewa tambarinmu mai rai ne.

A farkon kakar bara wasu 'yan damfara suka aika wa kamfanin saƙon imel da sunan ƙungiyarmu, suka ce mun canza asusun banki. Allah ya taimake mu, Alhaji Khalid, wakilin kamfanin mai sayen kaya, ya buga wa Yusha'u waya kafin a tura komai. Ba a yi asara ba, amma manyan kamfanin sun tsorata. Alhaji Khalid ya zo har Tsafe ya ce mana: "Bana zan tsaya muku, mu yi komai ta waya. Amma daga baɗi doka ce, duk wanda saƙonsa bai shigo da tantantaccen tambarinsa a gefe ba, ba za su ƙulla ciniki da shi ba. Ba ni na kafa ta ba."

Mun san abin da hakan yake nufi. In kamfanin ya tafi, dillalai muka koma wa.

Mansura ta yi mako tana bincike, sannan ta kira ni da Yusha'u shagonta. Ta ce akwai takardar shaida da ake saya a waje, wadda take sa tambarin mutum ya fito a akwatin saƙon mai karɓa. Babbar cikinsu tana cin sama da dala dubu duk shekara, kuma sai tambarin yana da rajistar mallaka, wadda ita ma kuɗi ce da dogon jira.

Yusha'u ya ajiye hularsa a gwiwa. "Dala dubu? Kan wanga ɗan kwanson da na zana da ragowar fenti? Mansura, ki liƙa hoton kawai mana, kamar yadda ake yi a waya."

"Baba, wannan kyauta ne, amma ɓarawo ma zai kwafa ya liƙa. Ba shi kamfani yake nufi ba."

"To ba mai araha? Ko a kasuwar shanu ai akwai maraƙi."

Ta yi dariya ta ce akwai. Da farko za ta kulle adireshinmu yadda ba wanda zai sake aika saƙo da shi sai mu, wannan ko kwabo ba ya ci, kuma a makon ta gama shi. Sannan akwai wata takardar shaidar da ta fi sauƙin kuɗi, ba ta neman rajista. Abin da take nema kawai shi ne a ga cewa tambarin ya shekara cur a shafin ƙungiya.

"Shekara ɗaya?" in ji Yusha'u. "Namu ya yi biyar. Sarkin Ci, tashi mu je ka saya mini tsire, magana ta ƙare."

Ba ta ƙare ba. Mansura ta tura takardu, bayan kwana goma amsa ta dawo. Ashe akwai inda ake adana hotunan shafukan intanet na baya, masu ba da shaidar kuma sun duba. A cikin shekara guda sun ga kwansonmu da fuska biyar. Suka ce ba su san wanne ne tambarin ba, mu tsayar da ɗaya, mu dawo bayan wata goma sha biyu.

Ranar ban ji daɗin ganin fuskar abokina ba. Muka hau mota daga Gusau muka koma Tsafe. Da muka sauka ya ce, "Hamidu, da hannuna na yi wa mutane ɓarna." Na ce masa ba wanda ya sani, mu da muke yi masa tafi fa? Washegari ya zana kwanson tsurarsa, kore, ƙwaya uku, ba ganye ba wata. Aka sa shi a ƙarshen Oktoba. Mansura ta lissafa: in ba a taɓa ba, shekara za ta cika kafin kamfani ya fara saye a Disamba, da 'yan makonni a tsakani. In aka taɓa sau ɗaya, an koma farko.

Ya sha wuya da wannan alkawari. Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah na gan shi da takarda a aljihu. Na ce, "Ina za ka?" Ya ce Gusau, gaida wani. Na ce, "Wanin nan yana da shagon kwamfuta?" Ya zare mini ido, ya ce wai nuna mata kawai zai yi. Na karɓe takardar. Daga ƙarshe a bangon siton ƙungiya ya huce, ya zana kwanson da jinjirin watansa ƙato guda. Haka ya riƙa yi: duk abin da ya zo masa a rai, bango ne yake ɗauka.

A wata na takwas na jiran nan ciwo ya kama shi. Hawan jini ne da ya daɗe yana ɓoye mana, ya taɓa ƙoda. Ina zaune a gefen gadonsa wata rana da hantsi, ya buɗe ido ya ce, "Saura nawa?" Na ɗauka ruwan da ake ƙara masa yake nufi. Ya ce a'a, watannin. Na ce huɗu. Ya ce, "Da sauƙi." Bayan kwana biyu ya cika.

Bayan kwana arba'in ƙungiya ta yi taro a siton. Shugabanmu Alhaji Yari, mutumin kirki daga Bungudu, ya miƙe idonsa ya yi ja, ya ce bai kamata sunan Yusha'u ya ɓace ba. Ya kawo shawarar a rubuta sunansa a ƙarƙashin kwanson, ya zama duk inda tambarin ya je, sunan ya bi shi. Wurin ya ɗauki kabbara. Mansura ta ɗaga hannu ta fara bayani, hayaniya ta danne muryarta.

Wallahi ni ma raina ya so. Ba abin da nake so kamar in ga sunan nan a rubuce. Amma na miƙe na ce ban yarda ba.

Wani dattijo daga Mada ya juyo ya ce, "Kai, Hamidu? Kai da kuke cin tuwo kwano ɗaya? Mi ya yi maka?"

Na kasa haɗa magana mai tsawo. Na ce musu saura wata biyu da 'yan kwanaki. In muka ƙara ko harafi ɗaya, shekarar ta rushe, kamfani ya tafi, kuma wake yana gona yana fure. Wasu suka ce ai Alhaji Khalid zai ɗaga mana ƙafa saboda rasuwa. Mansura ta ce ta tambaye shi, ba shi da iko. Aka tashi ba a daidaita ba, sai dai Alhaji Yari ya ce a ji ta bakin iyalin marigayin.

Ni aka aika. Matarsa Hanatu tana takaba, don haka a zaure na tsaya, ita tana daga bayan labule. Na faɗa mata komai, ban karkata ko'ina ba. Da na gama ta ce, "Malam Hamidu, wata takwas mutumin nan yana zagaye tsakar gida kamar mai jin ƙaiƙayi, har bayan faifaina ya yi wa zane. Duk wannan haƙurin a zubar? Ku gaida Alhaji, ku ce na gode, amma a bar shi yadda mai shi ya bar shi."

Aka bar shi. A farkon Nuwamba Mansura ta sake tura takardu. Kuɗin shaidar, manoma suka yarda kowa ya ba da kwano ɗaya daga kowane buhu, har ya yi saura. Mako biyu muna jira. Ina kan sikeli wata Laraba wayata ta yi ƙara, Alhaji Khalid ne. Ya ce, "Malam Hamidu, ga saƙonku a gabana, ga ɗan kwanson a gefe. Na nuna wa manya. Tirela nawa zan turo?"

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na shiga bayan buhuna na yi kukana, na wanke fuska da ruwan buta, na kira shi na ce shida.

Sun zo a makon farko na Disamba. Gonar Yusha'u, da 'yan ƙungiya suka yi wa gayya suka nome, ta ba da buhu goma sha ɗaya, su aka fara lodawa. Alhaji Yari ya sa an rubuta sunan Yusha'u a saman ƙofar siton, ya kuma kama hannuna a gaban mutane ya ce in yafe masa, na ce ba abin yafewa. Allah ya yi wa Yusha'u rahama, ya haskaka makwancinsa, ya raya masa 'ya'yansa biyar cikin albarka. Manoman Mada sun riga sun aiko cewa baɗi za su ƙara gonakin wake.