Wane Kunne Ne Ba Ya Ji?

Muna zaman makokin kakanmu Baba Soja a Korgom, sai ga wani jikansa ya sauko daga mota, rigarsa na ƙarar sitati. Shekara da shekaru ba mu ga ƙeyarsa ba.

Ko gaisuwa bai gama ba ya soma ba mutane labari, wai Baba shi kaɗai ya tare rundunar Jamus, wai har kwamanda ya sara mashi. Yana faɗi yana ɗaukar kansa hoto da lambar girman tsohon.

Mu da munka zauna da Baba mun sani, masu rauni ya ɗauka a yaƙin Nasara, kuma bai son zancen. Abin da yake alfahari da shi gonar gujiyarsa ce. Da ita ya ciyar da 'ya'ya goma sha ɗaya lokacin da anka samu mulkin kai, yana kai buhuna Tasawa bisa jaki, ya sa har 'yan mata lakwal, wato makarantar boko, ana yi mashi dariya.

Goggo Hajo, babbar ɗiyarsa, ta leƙo daga zaure.

"Ɗana, tunda ka san shi haka, wane kunne ne ba ya ji da shi?"

Ya ce, "Na dama, Goggo."

"Duka biyun ne. Shekara ashirin muna yi mashi magana da hannu. Aje lambar nan ka yi mashi addu'a."

Ya aje ta kamar ta ƙone shi.

Allah ya jiƙan Baba. Ku ma akwai irin wannan jikan a danginku, mai son kaka sai ya kwanta dama?