Miƙar Amsa a Bayan Rumbu

A ƙauyukan gabashin Minjibir, duk matar da ke girki da man gyaɗa ta san Amsa. Kakanninta daga Borno suka zo, amma ita a nan aka haife ta, a nan ta yi aure ta hayayyafa. Tun tana budurwa sana'arta ɗaya ce: ta soya gyaɗa, ta murje, a kai inji a markaɗo, ta durƙusa gaban turmi tana juyawa har mai ya taso, sannan ta mulmula tunkuzar ta toya ƙuli-ƙuli. Mijinta Malam Fatihu manomin gero da dawa ne, mutum mai sanyin hali, wanda komai ya faru amsarsa ba ta wuce "Allah ya kyauta."

Aikin bai taɓa gagarar ta ba sai da tsufa ya ruɗa surukarta, Inna Tahira. Tsohuwar takan fice ba takalmi tana neman gonar da aka sayar tun da daɗewa. Ta ci tuwo ta ƙoshi, ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Ita kuwa 'yar da ta haifa, Sadiƙa, tana aure a Bici, sai da salla ake ganin ƙeyarta. Wanka, wanki, ba da abinci da bin sawu, duk suka dawo kan Amsa.

Da farko wuyanta ne ya sandare, sai ta juyo da jiki gaba ɗaya in an kira ta. Sai kai ya fara sara mata. Ta shafa man zafi, ta sha jiƙe-jiƙe, a banza. Ranar da jiri ya kwashe ta a gaban kaskon mai, saura ƙiris ta kifa ciki, Malam ya ɗora ta a babur ya kai ta ƙaramin asibiti.

Ma'aikaciyar da ta duba ta, wata matashiya mai suna Rahmatu, ta kwance abin awo daga damtsenta ta ce, "Mama, jininki ya hau. Ga magani. Amma ki rage gishiri da magi, ki riƙa samun barci, ki rage tunani. Sannan ki dinga motsa jiki."

Amsa ta dube ta sheƙeƙe. "'Yar nan, ni da tun asuba nake sunkuye, wane motsi ne kuma ya rage min?"

"Wannan wahala ce, Mama, ba ita nake nufi ba."

Rahmatu ta miƙe ta nuna mata: a ɗaga hannuwa sama a yi miƙa sosai, a karkata wuya dama da hagu a hankali, a juya kafaɗu, a sarƙe yatsu a bayan kai a buɗe ƙirji, a ja numfashi a sake shi sannu-sannu. Ta ce safe da yamma, ko na ɗan lokaci ne.

Washegari Amsa ta gwada a tsakar gida. Tana cikin juya kafaɗu maƙwabciyarta Asiya ta shigo da kwalbar sayen mai, ta yi turus, sannan ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Amsa, aikin soja za ki shiga da girmanki?" Kafin azahar unguwa ta ɗauka. Duk wadda ta zo sayen ƙuli sai ta ce a gwada mata atisayen.

Ta daure ta ci gaba. Amma da ta kai wurin ɗora hannu a bayan kai, sai ga Inna Tahira ta leƙo daga ɗaki. Tana ganin Amsa da hannu biyu a ka, ta ɗauka mutuwa aka yi. Ta zube tana salati tana kuka, tana tambayar wa ya rasu. Har la'asar Amsa na rarrashi, gyaɗar da ta bari a wuta ta ƙone ƙurmus.

Rage gishirin ma bai zo da sauƙi ba. Malam sai dai ya yi loma biyu ya ture kwanon. Dole ta koma raba miya gida biyu, tata daban tasu daban, wato an ƙara mata tukunyar wankewa.

Daga nan ta mayar da miƙar bayan rumbu, inda ba mai gani sai kaji. Gaskiya ta ji daɗinta. Wuyan ya fara saki, har tana iya waiwayawa a sallamar salla ba tare da ta cije leɓe ba. Sai dai da wuya ta kai ƙarshe ba a ƙwala mata kira ba.

Da ta koma awo, Rahmatu ta ce jinin ya sauka amma bai kai yadda ake so ba. "Kina rage tunanin kuwa?"

"A ina ake ajiye shi, in je in kai nawa?"

Rahmatu ta tambaye ta wa ke taya ta kula da tsohuwar. Amsa ta buɗe baki ta rasa sunan da za ta kira.

A hanya ta yi wa Malam maganar. Ya ce haƙuri za ta ƙara, lada take samu. Da sati ya zagayo ta nemi izininsa, ta bar masa uwarsa, ta hau mota zuwa Bici. Ta tarar da Sadiƙa tana tsintar shinkafa.

"Yaya, lafiya da rana tsaka haka?"

"Ba lafiya ba. Inna ke ta haifa ko ni? Ban ce na gaji da ita ba, amma in na faɗa cikin kaskon mai, ku za ku ɗauke ta gaba ɗaya."

Sadiƙa ta yi kuka, ta yi alkawarin zuwa duk Alhamis ta kwana. Ta cika na farko da na biyu. Daga nan uzuri ya fara: yau biki, gobe yaro ba lafiya, jibi maigidan bai yarda ba. Yanzu sai ta ga dama.

Abin da ya ɗore shi ne wanda Amsa ba ta zata ba. Wunin da Malam ya yi shi kaɗai da mahaifiyarsa ya gigita shi, don sai a bakin titi ya tsinto ta. Tun daga ranar, in ya idar da la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta ya zauna har magariba ta kusa. Amsa ta kuma rage yawan gyaɗar da take soyawa, duk da masu saye suna ƙorafi.

Jinin nata har yanzu hawa da sauka yake, kuma ba ta fasa shan magani ba. Ɗan lokacin da Malam ya ba ta, rabinsa a miƙa da jan numfashi yake tafiya, rabin kuma a mitar Sadiƙa.