Ƙoƙon Kan da Hamadu Ya Kawo

Duk wanda ya san Garoua ta shekarun tamanin ya san Hamadu majemi, ɗan maharba, wanda bai taɓa yarda wani abu na wata ƙasa ya fi na nan ba, ko da gishiri ne.

Wata malamar dabbobi, Madam Thérèse, ta ɗauke shi aiki. In an ƙwace kan damisa a hannun ɓarayin daji, shi ke dafa shi ya kankare, ita kuma ta auna da wani ƙarfe mai baki biyu. Tana kwatanta su ne da kan jagwa, damisar Amurka ta Kudu, guda ɗaya da ta zo da shi.

Ran nan ta jera su a tebur, na jagwar ya yi musu zarra kamar ƙwarya cikin ludaya.

"Baba Hamadu, ka gani? Taku ƙanwa ce," in ji ta, tana dariya.

"Madam, ai matattun yunwa ake kawo miki. Ba ki ga ta gaske ba."

Maganar ta tsaya masa a wuya. Akwai wani namijin damisa a dutsen bayan Tignère, garin iyayensa, wanda bai taɓa kama ko ɗan akuya ba, birai kawai yake kora daga gonaki. Ba wanda ya aiki Hamadu. Ya nemi hutu, ya ɗauki bindigar ubansa, ya yi kwana tara a daji. A haƙarƙari ya harbe shi, don kada kan ya fashe.

Ya kawo shi fari tas, ya ce tsinta ya yi. Madam ta auna sau biyu. Saura yatsa ɗaya ya kai na jagwar. Sai ta juya shi, ta bi layin ƙashin da farce, fuskarta ta canza.

"Dubi nan, ƙashin bai gama haɗewa ba. Wannan bai gama girma ba, Baba. Da ya ƙara shekara biyu, wa ya sani?"

Da-na-sani ƙeya ce. Hamadu, sarkin musu, ya yi shekara ashirin bayan haka yana sana'ar jima, amma in hira ta zo kan damisa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaro na kashe."