Ɗakin Kaka a Cikin Ruwa

Har yau in na ji warin lakar bakin tafki, shekarar da ruwa ya janye sosai nake tunawa. Ina 'yar shekara tara, kusan shekara goma sha biyar ke nan da aka tare kogin Kwara a Kainji, aka kwashe mutanenmu zuwa sabbin gidaje kusa da Wara. Masunta suka kawo labari cewa tsohon garinmu ya fito.

Kakata ta wajen Inna idonta ya riga ya dushe, amma ta kafe sai an kai ta. Ɗakinta take son ta taka kafin ta mutu. Kawu ya yi mita ya gaji, ya ɗauko kwalekwale.

Kada ku zaci gari muka tarar. Bango ko ɗaya babu, sai duwatsun murhu da daɓen ɗakuna a ƙarƙashin laka. Kaka ta tuɓe takalmi ta dafa kafaɗata. Ashe kowace mace da irin daɓenta, ita kuwa da tafin ƙafa take karanta su.

"Wanga na matar maƙeri na," in ji ta. "Raguwa ta, ji yadda ta bar rami." Ta ce kafin maƙerin wani mai sassaƙa jirgi ne a ciki, kafin shi kuma wata gwauruwa mai sayar da albasa. Haka muka bi ɗaki ɗaki, tana tsokanar matattu kamar suna jin ta. Wani wurin kuma sai ta ja ni mu wuce.

Sau uku muka zaga, nata bai fito ba. Kawu ya ce rana ta yi, mu tafi. Tausayinta ya kama ni. Sai ta sa a tsayar da ita a ɗakin maƙeri, ta juya gabas, ta ja ni muka shiga ruwa tana laluben ƙasa. Ya kai mata gwiwa, ni ƙugu, sannan ta tsaya cak.

"Nan na haihi uwarki. Kahin ni uwar mijina, kahin ita kakarshi."

"Bayanki fa, Kaka?"

"Kihi," ta ce, tana dariya tana share hawaye da gefen zane.

Damina ta mayar da garin cikin ruwa, Kaka kuma ba ta ga wata damina ba. Yanzu gidajen da aka ba mu su ma sun tsufa, baƙi ne a yawancinsu, in ka tambayi sunan wanda ya fara zama a ciki sai a dube ka. Ni ma ba ni da bakin zargi. Ɗakuna fiye da ashirin ta bi da ni ranar, tana faɗa mini masu su, hankalina yana kan katantanwar da nake tsinta. Huɗu kawai na riƙe, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya.