Ba'amurken da ya zo cin waina a Sa'alaba

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar wani Balarabe a unguwar Abhur da ke Jidda, wani baƙo ya ɓulla a lungunmu na unguwar Sa'alaba, ya tayar wa kowa da hankali ba tare da ya yi wa kowa komai ba.

Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama, amma mahaifiyata ba ta da ita, haka ma ƙaninta, kawuna. Umra suka zo suka zauna. Ita tana toya waina a bakin lungu da safe, shi kuma yana ɗinki a wani ɗan shago. Wanda bai taɓa zama a ƙasar mutane babu takarda ba, ba zai gane yadda baƙuwar fuska take kaɗa hantar mutum ba.

Baƙon dogo ne, baƙi kamar mu, da ɗan gemu da jallabiyar da ta ɗage masa. Ya sayi waina ya ci a tsaye, sannan ya ce wa mahaifiyata da wata gurguwar Hausa, "Na gode, Mama. Akwai daɗi." Da aka tambaye shi daga ina, ya ce shi Ba'amurke ne, ya kama ɗaki a bayan masallaci.

Ranar Juma'a da na zo hutu, kawu ya ja ni cikin shago ya rufo ƙofa.

"Ba'amurke a Sa'alaba?" in ji shi. "Otal-otal ɗin bakin teku sun ƙare ne? Kuma wa ya koya masa Hausa? Turo shi aka yi ya gano marasa takarda. Kai ka yi boko, kana jin Turanci. Ka zauna da shi ka tatso mana cikinsa."

Ni kuwa a lokacin ji nake kamar babu wanda ya kai ni wayo a Jidda, sai na karɓi aikin da fara'a. Bayan la'asar na gayyato shi shan shayi a ƙofar shagon. Kawu yana kan keken ɗinkinsa kamar ba ruwansa, ni ina fassara masa da gefen baki.

Na tambaye shi garinsu, ya ce Chicago. Ya ce akwai wani tabki a gefen garin da ba a hango ƙarshensa, in sanyi ya shigo iskar da ke tasowa daga kansa tana yanka kunne kamar reza, ƙanƙara ta rufe motoci har sai an haƙo su da shebur. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Riƙe wannan. Shikago, sanyi."

Juma'ar da ta biyo baya aka yi irin zafin nan na Jidda mai danshi, wanda riga take manne wa mutum a baya. Baƙon ya share gumi ya yi dariya ya ce, "Wannan kamar gida. Haka Houston take sak, ka fito daga wanka ka sake jiƙewa."

Keken kawu ya tsaya cak. "Me ya ce? Gida? Ba wancan makon ya ce ƙanƙara ce take binne su ba?"

Ban nuna komai a fuska ba, na ci gaba da zuba shayi. Kafin shayi ya huce baƙon ya ƙara da wani garin, Los Angeles, inda ya ce babu zafi babu sanyi, ruwa ma ba ya cika sauka, amma sai ka yini a mota ba ka fita daga garin ba. Sannan ya shiga labarin New York, wai jirgin ƙasa ne yake bi ta ƙarƙashin gari, in ka shiga tarago ɗaya za ka ji harsunan da ba ka taɓa ji ba.

Ɗan kafilina, wato Balaraben da nake wa tuƙi, ya yi karatu a Amurka, don haka da na ɗauko shi a mota sai na bugi cikinsa cikin dabara. Na ce, "Wai da gaske ne a Amurka akwai gari mai ƙanƙara, akwai kuma mai zafi irin na Jidda?" Ya yi dariya ya ce wallahi haka ne, ya ce shi a Houston ya zauna, kuma bai taɓa jin ya bar gida ba sai in ya buɗe baki. Duk abin da baƙon ya faɗa, ya tabbatar da shi.

Na kawo wa kawu labari ina murna, sai ya ce, "To ai shi ne. Ka taɓa ganin an turo ɗan leƙen asiri ba a karantar da shi ba?"

Haka na koma na tambayi mutumin kai tsaye. Na ce, "Ɗan'uwa, garuruwanka sun yi yawa. Wanne ne naka?" Bai ji haushi ba. Ya ce a Chicago aka haife shi, mahaifiyarsa ta koma da shi Houston yana yaro, da ya girma ya yi tuƙin tirela, ita ta kai shi Los Angeles. A New York kuma ya musulunta, a hannun wani ɗan kasuwa Bahaushen Nijar, a gidansa ya tsinci 'yar Hausar da yake yi, a can ya fara cin waina. Da ya zo umra ya ji an ce akwai Hausawa a Sa'alaba, sai ya nemo mu.

Kawu ya ce in tambaye shi wanne ya fi girma a cikinsu. Ya ce in mutane ake nufi, New York ce, a cunkushe take kamar Harami ranar ashirin da bakwai ga azumi. In kuwa faɗin ƙasa ake nufi, Houston za ta haɗiye ta. Kawu ya ce, "Tambaya ɗaya, amsa biyu. Allah Ya raba mu."

Da a nan ya tsaya da ƙila an ƙyale shi. Amma sai ya dubi lungun ya ce wurin nan yana tuna masa New York. Ya fara nunawa da yatsa: mai gasa burodin can ɗan Yaman ne ko? Waɗancan matan 'yan Somaliya ne? Mai wankin motar nan ɗan Chadi ne ko ɗan Sudan? Ya ce abin yana burge shi. Ni kaina a ranar harshena ya yi nauyi wajen fassara, don a unguwa irin tamu ba a nuna mutum da yatsa a tambayi asalinsa.

Da mahaifiyata ta ji, ba ta ce komai a kan Amurka ba. Ta ce kawai, "Ni ban san Shikago ba, amma na san mai ƙirga mutane." Washegari ta kife kaskonta, na kai ta wurin wata ƙawarta a unguwar Ruwais. Na ce wa kawu, "Kawu, ku ma ku rufe shagon nan na ɗan lokaci." Ya ce yana da ɗinkin biki a hannu, in ya gama zai rufe.

Bai gama ba. Wata ranar aiki da hantsi aka yi kame, motoci suka toshe bakin lungun ta gaba da baya. Ina Abhur aka bugo mini waya gidan kafilina cewa an tafi da kawu. Na tambaya ina Ba'amurken, aka ce ai har da shi aka tura cikin bas, yana ta Turanci babu mai saurarensa.

Sai da kawu ya sauka Kano muka samu yin magana a waya. Ya ce a ɗaki ɗaya aka tsare su shi da Ba'amurken a tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ashe bizar umrar mutumin ta daɗe da ƙarewa, shi ma irin zaman su kawu na rashin takarda yake yi. Ya ce sanyin na'ura ya hana shi sakat, mutumin ya miƙa masa bargonsa yana cewa da hannu da guntun Larabci wannan ba sanyi ba ne, ya zo Chicago ya gani.

Na ce, "To kun gani, Kawu. Ashe ɗan'uwanmu ne."

Ya ce, "Tsaya mana. Ba a jima ba wasu masu kwat suka zo suka fitar da shi, mu muka ci gaba da zama. Halas, aiki ya ƙare, an zo ɗaukar ma'aikaci."

Na ce mutanen ofishin jakadancinsu ne, haka suke yi wa kowane ɗan ƙasarsu. Ya ce, "Kai dai yaro ne."

Har kawu ya bar duniya bai sauya ra'ayi ba. Ni na fi yarda cewa mutumin bawan Allah ne da ya yi yawo da yawa, ya zo inda ya ji ƙanshin abin da ya sani ya zauna. Abin da na koya shi ne, in tsoro ya riga ya yanke wa mutum hukunci, ƙarya hujja ce a kansa, gaskiya ma hujja ce. Amma ba na ganin laifin kawu ko mahaifiyata, don zargin nan nata shi ya sa kamen bai rutsa da ita ba. Kuma in zan faɗi tsakanina da Allah, har yau in na tuno yatsan nan yana bin mutanen lungu ɗaya bayan ɗaya, sai in ji zuciyata ta ce, to wai me ya kai shi tambaya?